MERCEDES GLEITZE: AKAWUN DA TA RATSA TEKU DON GAJIYAYYU

A cikin mutanen da suka yi suna wajen iyo a teku, kaɗan ne suka mai da ƙarfin jikinsu hanyar taimakon matalauta kamar yadda Mercedes Gleitze ta yi. An haife ta ran 18 ga watan Nuwamba na 1900 a Brighton, wani gari a bakin teku a kudancin Ingila. Iyayenta kuwa Jamusawa ne. Da ta girma sai ta kama aikin akawu a birnin Landan, idan ta tashi daga ofis ta tafi kogin Thames ta yi ta gwada ƙarfinta.

Burinta shi ne ta ƙetare mashigin tekun da ya raba Ingila da Faransa, wanda faɗinsa ya kai mil 21 a inda ya fi ƙunci. Sau bakwai tana shiga, sanyi da igiyar ruwa suna mayar da ita. A karo na takwas, ran 7 ga Oktoba 1927, ta tashi daga gaɓar Faransa, ta yi sa'a 15 da minti 15 cikin ruwa kafin ta taka ƙasar Ingila. Da haka ta zama mace ta farko 'yar Ingila da ta yi wannan bajinta.

Amma murnar ba ta daɗe ba. Bayan 'yan kwanaki wata likita ta ce ita ma ta ƙetare, daga baya ta amsa cewa ƙarya ta yi. Wannan ya sa jama'a suka fara shakkar Mercedes ita ma. Don ta wanke sunanta, ta sake faɗawa tekun ran 21 ga watan nan, lokacin ruwan ya ƙara sanyi ƙwarai. Ta jure fiye da sa'a 10, har aka tsamo ta a galabaice. Ko da yake ba ta kai gaci ba, waɗanda suka gani da idonsu sun tabbata mai gaskiya ce.

A watan Afrilu na 1928 ta tashi daga Tarifa ta ƙasar Sifen ta fita a gaɓar Maroko, watau ita ce mutum na farko da ya ƙetare mashigin Jibiralta da iyo.

Abin da ya fi wannan duka muhimmanci shi ne inda ta kai kuɗin da take samu. Zamanin nan rashin aiki ya addabi Ingila, sai ta riƙa tara ladan wasanninta har ta buɗe gidan gajiyayyu a birnin Leicester a 1933, inda iyalan da ba su da aiki suke samun wurin kwana. Bom ya rushe gidan a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Ta auri wani injiniya, Patrick Carey, a 1930, suka haifi 'ya'ya uku. Bayan ta bar iyo sai ta koma gida, ta daina shiga jama'a, ba ta kuma neman a yabe ta. Ta rasu a Landan ran 9 ga Fabrairu 1981, tana da shekara 80.