Nikola na Mira: mutumin da aka mayar Baba Nowel

Da watan Disamba ya kama, ƴan kasuwarmu na Yamai, Maraɗi da Damagaram sukan ga wasu kaya sun shigo: jajayen huluna masu farin baki, da ƴan tsana na wani tsoho mai ƙaton ciki da farin gemu. Yara suna ganinsa a talabijin, suna jin sunansa a lakwal, Père Noël, wato Baba Nowel, kuma suna tambayar iyayensu ko gaskiya ne shi ke raba kyauta da dare. Kafin mu ba su amsa, ya kamata mu san wane ne mutumin da wannan labari ya samo asali daga gare shi.

Sunansa Nikola. An haife shi wajen shekara ta 270 a garin Patara, wani gari na bakin teku da yau yake kudu maso yammacin ƙasar Turkiyya. A lokacin yankin yana ƙarƙashin daular Rum, mutanensa kuma harshen Girka suke yi. Can babu dusar ƙanƙara irin wadda ake zanawa a hotuna, ƙasa ce ta rana da zaitun da jiragen ruwa na fatake. Littattafan da suka kawo tarihinsa an rubuta su ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa, shi ya sa gaskiya da ƙari suka cakuɗe a ciki. Bisa ga ruwayar, iyayensa masu dukiya ne, annoba ta kashe su yana saurayi, ya gaji abin da suka bari, ya shiga rabar da shi ga mabuƙata.

Labarinsa da ya fi shahara zai taɓa zuciyar duk uwar da ta taɓa aurar da ɗiya. Wani mutum ne ya karye bayan yana da arziki, ga shi da ɗiya mata uku da suka isa aure. A al'adarsu uban yarinya ne ke haɗa mata dukiyar da za ta shiga gidan miji da ita, in babu, babu mai nema. Mu nan miji ke ba da sadaki, amma mun san yadda kayan ɗaki da gara suke hana iyaye barci, mun san adashin da mata suke zubawa shekara da shekaru saboda gado da kwanoni. Talauci ya kai mutumin nan har ya fara tunanin tura ɗiyansa karuwanci. Da Nikola ya ji, sai ya ƙulle zinariya a tsumma, ya bi dare ya jefa ta taga, ya tafi. Aka aurar da babbar. Ya sake yi, aka aurar da ta biyu. A karo na uku uban ya yi gadi, ya kama shi, Nikola kuwa ya roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Abin lura a nan shi ne ya rufa wa mutumin asiri, bai tara jama'a ya kunyata shi da kyauta ba.

Daga baya aka naɗa shi babban limamin Kiristocin garin Mira, wanda yau ake kira Demre. A shekara ta 303 sarkin Rum Diyoklishiyan ya fara gallaza wa Kiristoci, kuma ruwayar ta ce an ɗaure Nikola, sai zamanin sarki Kustantin aka sake shi. Ana kuma ba da labarin wata yunwa da ta faɗa wa Mira. Jiragen alkama daga Iskandariyya ta Masar suka tsaya a tashar garin, Nikola ya je ya lallashi matuƙan har suka sauke wani kaso aka ciyar da mutane. Wata rana kuma aka ce ya riƙe takobin hauni, ya ceci mutum uku da aka yanke wa hukuncin kisa bisa zalunci. Ya rasu ranar 6 ga watan Disamba, wajen shekara ta 343.

A shekara ta 1087 wasu matuƙan jirgi daga garin Bari na ƙasar Italiya suka kwashe ƙasusuwansa daga Mira suka kai garinsu, aka gina babbar majami'a a kansu, tana nan har yau. Fatake da masu jiragen ruwa na Turai suka ɗauke shi waliyyinsu, aka kuma saba ba yara kyauta a ranar tunawa da shi. Mutanen Holand suna kiransa Sinterklaas, sunan ya ƙetara Amurka ya koma Santa Claus. Wata waƙa da aka buga a wata jaridar jihar New York a 1823 ta yaɗa siffarsa yana yawo a kan amalanken da barewa ke ja, yana shiga gida ta bututun hayaƙi. Daga 1863 mai zane Thomas Nast ya riƙa zana shi, sannan daga 1931 kamfanin Coca-Cola ya cika duniya da hotonsa cikin jajayen kaya don tallar abin sha. Su kansu Kiristoci ba duka abin ya yi wa daɗi ba: a watan Disamba na 1951, an ƙone mutum-mutumin Baba Nowel a ƙofar babbar majami'ar garin Dijon na Faransa, don nuna cewa ya janye hankalin yara daga ma'anar bukin.

To, ko yaranmu su yarda da shi? Mu a ganinmu tatsuniya ba laifi ba ce, dukanmu mun tashi da Gizo da Ƙoƙi, amma da an gama ana cewa ƙurunƙus, yaro ya san wasa ne. Inda matsala take shi ne yaro ya ɗauka da gaske wani tsoho ke ba yaran kirki kyauta. Ɗan mai tuyar ƙosai da bai samu komai ba sai ya zaci shi ne marar kirki, alhali jarin uwarsa ne bai kai ba. Wanda ya samu kuma sai ya gode wa wanda babu shi, ya manta da uwar da ta yini cikin rana a kasuwa.

Musulmi ne mu ko Kirista, gara mu gaya wa yara gaskiya: takalmin nan gumin iyayenka ne, ka gode musu. Sannan mu ba su labarin Nikola na ainihi, wanda ya taimaki maƙwabcinsa a ɓoye, abin da malamanmu ma suke yi mana wa'azi a kai kullum. A kowace unguwa akwai gidan da aure ya tsaya saboda kayan ɗaki, akwai ƴar kasuwar da jarinta ya karye tana jin kunyar roƙo. Wanda Allah ya hore wa, ya san ƙofar. Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya, amin.