Georges Cuvier

Georges Cuvier (23 ga Agusta, 1769 – 13 ga Mayu, 1832) masanin halittar dabbobi ne ɗan ƙasar Faransa. Ana ɗaukar sa a matsayin wanda ya kafa ilimin gano siffa da girman dabbobin da suka ƙare a duniya ta hanyar ƙasusuwansu da suka zama dutse.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Montbéliard. Ya yi karatu a Stuttgart daga 1784 zuwa 1788, sannan ya fara aiki a gidan adana kayan tarihin halittu na Paris a 1795.

Aiki

A 1796 ya nuna cewa giwar Afirka da ta Indiya jinsi biyu ne, kuma mamot, giwa mai gashi ta Saiberiya, jinsi ne na uku da ya ƙare. A shekarar ce ya raɗa wa Megatherium suna, wata ƙatuwar dabba mai shayarwa da aka tono a Ajantina.

Tushen aikinsa shi ne gaɓoɓin jiki suna tafiya tare. Haƙori yana nuna abincin dabba, ƙafa kuma tana nuna irin tafiyarta da nauyin da take ɗauka. Da haka ya harhaɗa ƙasusuwan Palaeotherium daga wuraren fasa dutse na Montmartre, ya kwatanta mafi girmansu da doki. Ya tattara binciken a littafinsa na 1812.

Masana na yau suna auna kaurin ƙashin cinya da na dantse, su kwatanta da na dabbobi masu rai, su fitar da nauyi. Ana ƙiyasta Megatherium ya kai kusan tan 4.

Alaƙa da ƙasar Sokoto

A 1808 Cuvier ya bayyana cewa Mosasaurus ƙaton ƙadangaren teku ne. An samu danginsa a ƙasar Sokoto, wadda teku ya taɓa rufewa. A 1972 aka sa masa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo, maƙwabciyar Sabon Birni.

Suka

Cuvier ya fifita Turawa a kan baƙar fata a rubuce-rubucensa. Shi ne ya feɗe gawar Sarah Baartman bayan mutuwarta a Paris a 1815. Sai a 2002 aka mayar da ragowar jikinta Afirka ta Kudu aka binne.