Malam Jibril Gaini: Jagoran Bormi da ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja

Duk ɗan Gombe da ya tashi neman asalin kakanninsa, ko a Kumbiya-Kumbiya yake zaune ko a Jekadafari, sai ya fita daga cikin gari, domin birnin Gombe na yanzu bai zama hedikwatar masarauta ba sai a 1919, bayan Gombe Abba da Nafada. Idan kuwa salsalar gidansu ta gangara zuwa Bormi, to binciken zai kai shi ga sunan Malam Jibril Gaini, wanda Turawa suka kama a 1902 suka kai Lakwaja.

Malam Jibril Bafulatani ne daga ƙasar Katagum. Ya zauna a garin Zai yana karantarwa, abin da ya sa ake kiransa Malam Zai, kafin ya koma Bormi, kusa da kogin Gongola, a yankin ƙaramar hukumar Funakaye ta yau. A wancan zamani labarin Muhammad Ahmad, wanda ya yi da'awar Mahdiyya a Sudan a 1881, ya game ƙasashen Daular Usmaniyya. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shi ne ya ɗauki tutar wannan da'awa daga Balda a ƙasar Adamawa, Malam Jibril kuma ya bi sahunsa.

Jama'a suka yi ta kwarara Bormi, aka kewaye ta da ganuwa, har ta fi ƙarfin sarakunan da ke maƙwabtaka da ita. Sarkin Gombe Zailani ya kai mata yaƙi a 1888, bai ci garin ba, kuma wannan yaƙi ne ya zama ajalinsa. Sarakunan da suka biyo bayansa sun nemi gudunmawar wasu masarautu, amma Bormi ta gagara. Fiye da shekara goma malamin yana riƙe da wani babban yanki na ƙasar Gombe. Har yau ba a haɗu a kan hukuncinsa ba: a wajen mabiyansa mai jaddada addini ne, a fadar Gombe kuwa ɗan tawaye ne da ya hana masarauta sakat.

Abin da sarakuna suka kasa, bindigar Turawa ta yi. A 1902 rundunar Kanar Morland da ke kan hanyar Barno ta yi arangama da mayaƙansa a Tongo, ta tarwatsa su. Wani hafsa mai suna Dyer ya bi shi a kan doki ya kamo shi, yana dattijo mai furfura. Aka tasa ƙeyarsa zuwa Lakwaja, garin da Turawa suka mayar da shi matattarar shugabannin da suka tuɓe, irin su Sarkin Zazzau Kwasau da Sarkin Kano Alu. A can ya rasu a 1907, nesa da almajiransa.

Bormi ba ta daɗe a bayansa ba. A nan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ya da zango a hijirarsa zuwa gabas, a nan kuma aka kashe shi ranar 27 ga Yulin 1903, Turawa suka ƙone garin. Waɗanda suka tsira suka watsu. Wasu suka shige ƙauyukan Gongola, wasu suka bi ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, har bakin kogin Nilu a Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yanzu.

Shi ya sa mai bin salsalar mutanen Bormi yake buƙatar haƙuri. Wani reshen yana Sudan, wani yana kewayen Bajoga, ƙarshen labarin jagoran kuma yana Jihar Kogi. Rahotannin Lugga da takardun gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Kaduna sun kawo labarin ne ta bakin waɗanda suka yi nasara, don haka sai an haɗa su da abin da tsofaffi suka riƙe. Masanin tarihi John Lavers ya wallafa nazari a kan rayuwar malamin tun a 1967, kuma daga nan masu bincike da yawa ke farawa.