Tupac Shakur: sunan ɗan tawaye, zuciyar mai neman Allah

Duk mai ɗan jin Larabci, da ya ji sunan Shakur sai hankalinsa ya koma ga shukura, wato godiya. Shi ya sa da yawa ke ɗaukar Tupac musulmi ne. Alhali sunan dangi ne, mahaifiyarsa Afeni ta same shi ta hanyar aure. Shi kuwa Tupac Amaru, sunan wani jagoran ƴan asalin Peru ne da ya yi wa Turawan Sipaniya tawaye, suka kashe shi a 1781.

An haife shi a Harlem ta birnin New York ranar 16 ga Yuni 1971, wata guda bayan kotu ta wanke mahaifiyarsa, ƴar ƙungiyar Black Panther, daga tuhumar shirin tada bama-bamai. Da cikinsa ta zauna kaso. Yana yaro ta riƙa kai shi wata majami'a a Brooklyn. Da ya tasa ya koyi wasan kwaikwayo da rubutacciyar waƙa a Baltimore, kafin talauci ya kora su Kalifoniya a 1988.

Faifansa na farko, 2Pacalypse Now, ya fito a 1991, ɗauke da labarin wata yarinya ƴar shekara 12 da ta haihu ba mai jin ƙanta. Nan ne gwanintarsa take: da harshen titi, wanda malamai ke rainawa, yake makoki. Bai bar kiran Allah a waƙoƙinsa ba, amma bai amince da masu tara dukiya da sunan addini ba, maƙwabtansu na kwana da yunwa.

Sai dai shi ma ba tsarkakakke ba ne. A Nuwamba 1994 aka harbe shi a New York, kashegari kotu ta same shi da laifin cin zarafin wata mace. Yana ɗaure faifansa Me Against the World ya hau sahun farko a Amurka. Kamfanin Death Row ya biya belinsa, ya kuma dulmiya shi cikin gabar mawaƙan gabas da na yamma.

Ranar 7 ga Satumba 1996 aka buɗe wa motarsu wuta a Las Vegas. Bayan kwana shida ya cika, yana da shekara 25. Wata biyu da rasuwarsa wani faifansa ya fito da sunan Makaveli, a bangon an zana shi gicciye a kan gungume.