Tunawa da Rabilu Musa Ibro

Ko a nan Arewa, daga Lugu har Dogon Dutsi, da wuya ka samu wanda Ibro bai taɓa ba shi dariya ba. Sunan shi na yanka Rabilu Musa, an haife shi a 1971 a ƙauyen Ɗanlasan, kusa da Wudil cikin jahar Kano. Kafin wasan kwaikwayo gandiroba ne. Ya yi shekaru yana tsaron 'yan kaso, sannan ya aje kaki ya rungumi fim.

Mu a kaset muka fara sanin shi, gidan kallo cike da yara da manya. Galibi talaka yake fitowa, mai wayon banza da bakin tsiya, ya ƙulla dabara ta tsinke a kanshi. Shi ya sa mutanen karkara suka riƙe shi nasu. In waƙar waje ta yi tashe, sai ya juya ta da Hausa, kowa ya kama.

 A 2008, lokacin da Abubakar Rabo ke shugabancin hukumar tace finafinai ta Kano, aka gurfanar da shi kan fim ɗin Ibro Aloko, kotu ta yanke mishi wata 2. Tsohon gandiroba ya koma gidan kaso, wannan karon a ɗaure. A ganinmu hukuncin ya yi tsauri. Da ya fito bai bar sana'ar ba.

Ya rasu a Kano ran 10 ga Disamba 2014, bayan fama da ciwon ƙoda. Allah ya jiƙan shi.