Abraham Linkon, Shugaban Da Bai Ji Kunyar Sake Ra'ayi Ba

An haifi Abraham Linkon a Amurka cikin shekara ta 1809, a wata bukkar katako a jihar Kentaki. Iyayensa matalauta ne. Zamansa a makaranta duka bai wuce shekara guda ba, amma ya yi ta karatu shi kaɗai har ya zama lauya.

Mun saba ji ana kiransa mai 'yanta bayi. Gaskiya ne, amma kada mu ɓoye sauran labarin. Tun da daɗewa ya ƙi jinin bauta, duk da haka bai ɗauki baƙi daidai da fari ba. A 1858 ya faɗa a bainar jama'a bai yarda baƙaƙe su jefa ƙuri'a ko su auri farare ba. Yana kuma ganin gara a kwashe 'yantattu a kai su Laberiya ko wata ƙasa dabam.

Aka zaɓe shi shugaba a 1860, bayi kuwa sun kusa miliyan 4. Jihohin kudu 11 suka ɓalle, yaƙi ya tashi a 1861. Da fari nufinsa shi ne ya hana ƙasa rabuwa kurum. Amma bayi suka yi ta gudowa wurin mayaƙan arewa, ya kuma lura gumin bayi ne ke ciyar da 'yan tawaye. Ran 1 ga Janairu 1863 ya yi shelar 'yancin bayin da ke ƙasar tawaye, ya buɗe wa baƙaƙe ƙofar soja. Wajen 180,000 suka shiga, da yawa suka ba da ransu.

Gani ya kori ji. Firedirik Daglas, wanda ya tsere daga bauta, ya je fadarsa ya kai kukan ƙarancin albashin baƙaƙen soja, Linkon kuwa ya saurare shi da girmamawa. Ya daina yi wa jama'a zancen kwashe 'yantattu, ya matsa wa majalisa ta amince da dokar kashe bauta ɗungum a Janairu 1865. A Maris ya nuna yaƙin hukuncin Allah ne a kan kudu da arewa duka saboda zunubin bauta. Ran 11 ga Afrilu ya goyi bayan a ba waɗansu baƙaƙe ƙuri'a, wato masu ilimi da waɗanda suka yi soja. Wani da ya ji wannan jawabi ya harbe shi bayan kwana 3, kashegari ya rasu.

'Yan'uwa, ba mu ce ya kai matuƙa ba, gama mutuwa ta same shi yana kan hanya. Amma sa'ad da gaskiya ta bayyana gare shi bai taurare zuciyarsa ba. Mu fa, wace kabila muke rainawa har yanzu?