Claude Bernard, likitan da ya gano rumbun sukari cikin hanta

Ko ana tsananin zafin bazara, ko ana jaura cikin hunturu, ɗumin jikin mai lafiya ba ya nisa da digiri 37. Ko ya ƙoshi, ko ya wuni bai sa kome a baki ba, sukarin jininsa yakan hau kaɗan, ya sauka kaɗan, sa'an nan ya komo wajen giram 1 cikin lita guda. Wanda ya fara bayyana dalilin wannan al'amari shi ne Claude Bernard, mutumin ƙasar Faransa.

An haife shi ran 12 ga watan Yuli 1813 a Saint-Julien, wani ƙauyen manoman inabi da ke arewa da birnin Liyon. Bashi ya yi wa mahaifinsa katutu, saboda haka yaron ya bar lakwal, ya kama aiki a wani shagon magani. Amma hankalinsa yana kan rubuta wasannin kwaikwayo. Cikin 1834 ya ɗauki wasan da ya rubuta ya nufi birnin Paris. Wani malamin adabi, Saint-Marc Girardin, ya karanta, ya ba shi shawara ya koyi likitanci, ko ya samu abin riƙe kansa. Bernard ya ji, ya bi.

Cikin 1841 ya zama mataimakin François Magendie a makarantar Collège de France, ya samu takardar zama likita cikin 1843. A wancan zamani masana sun ɗauka tsirrai kaɗai ke yin sukari, dabba kuwa sai dai ta ci ta ƙona. Cikin 1848 Bernard ya ciyar da karnuka da nama zalla, waɗansu kuma ya bar su da yunwa, duk da haka ya tarar da sukari cikin jinin da ke fitowa daga hantarsu. Cikin 1855 ya wanke hantar dabba da ruwa har sukarin ya ƙare ƙaf, ya ajiye ta. Kashegari da ya auna, sai ga sukari ya dawo. Bayan shekara biyu ya fitar da abin da hanta ke ɓoyewa, ya sa masa suna gilikojen. Ashe hanta rumbu ce: in an ci abinci ta tara, in yunwa ta zo ta ɗebo ta zuba cikin jini.

Tun 1851 kuma ya yanke wata jijiya mai kai saƙo a wuyan zomo. Nan da nan hanyoyin jinin kunnen wannan gefe suka buɗe, kunnen ya ɗau zafi. Da haka aka gane jiki da kansa yake ƙara jinin da ke zuwa fata don ya fitar da zafi, ya kuma rage shi in sanyi ya matsa.

Daga waɗannan gwaje-gwaje ya kai ga babban ra'ayinsa. Ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka yi jiki ba cikin iskar waje suke zaune ba, cikin jini suke da ruwan da ke kewaye da su. Wannan shi ya kira muhallin ciki. Muddin ɗuminsa da ruwansa da gishirinsa da sukarinsa suna daidai, mai rai yana da 'yancin shiga ko'ina. Ƙadangare sai ya sha hantsi kafin jikinsa ya saki, ɗan Adam kuwa yakan fita aiki tun da asuba.

Wannan ilimi bai zo a banza ba. A kan dabbobi masu rai yake gwajinsa, sau da yawa ba tare da an sa su barci ba. Matarsa, Fanny Martin, wadda ya aura cikin 1845, ta ƙi jinin wannan aiki, har suka rabu cikin 1870, ƴaƴansa mata biyu suka bi uwarsu. Ɗakin gwajinsa kuma mai laima ne, ciwo ya kama shi. Yana jinya a ƙauyensu ya rubuta littafinsa a kan likitanci mai dogara da gwaji, wanda ya fito cikin 1865.

Ya rasu ran 10 ga watan Fabrairu 1878 a Paris, yana da shekara 64. Gwamnati ta yi masa jana'izar ƙasa, abin da ba a taɓa yi wa wani masanin kimiyya a Faransa ba. Cikin 1926 Walter Cannon na Amurka ya raɗa wa wannan daidaito suna homiyostasi. A yau, in malamin asibiti ya auna zafin jikin mara lafiya, ko sukarin jininsa, ko ya ba yaro mai zawo ruwan gishiri da sukari, muhallin nan na ciki yake ƙoƙarin mayarwa daidai.